Yadda ɗan Zariya zai sauka a otal mai araha a Legas

Babu makon da mutanen Zariya ba sa gangarawa Legas. Akwai masu shagon waya na PZ da ke zuwa saro kaya, akwai masu kayan gyaran mota na Sabon Gari, akwai Hajiyoyin atamfa da leshi, ga wanda motarsa ko kwantenarsa ta iso tashar jiragen ruwa yana son ya tsaya a kan kayansa da kansa, ga kuma ɗalibin da aka kira ganawar neman aiki. Masu kai tumatir da tattasai Mile 12 ba su cika buƙatar wannan bayani ba, domin su har gobe suna da masu masaukinsu. Da wanda ba shi da kowa a can nake, wanda kuma aljihunsa bai kai na manyan otal-otal na Victoria Island ba.

A zamanin fataucin goro da shanu, Bahaushe in ya isa Kurmi wurin fatoma yake sauka. Shi zai ba shi wurin kwana da abinci, ya adana masa kuɗi, ya haɗa shi da mai saye, in rigima ta taso ya tsaya masa. Otal ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan in ban da na farko. Makulli za a miƙa maka a nuna maka ƙofa. Sauran aikin fatoma duk ya dawo kanka, kuma shi za mu bi daki-daki.

Fara da inda harkarka take, ba da kuɗin ɗaki ba

Yawancinmu tambayar farko da muke yi ita ce nawa ne kwana ɗaya. A Legas wannan tambaya ta biyu ce. Ta farko ita ce: daga ƙofar otal ɗin zuwa inda zan yini, gada nawa zan haye, gosulo nawa zan shiga? A Zariya mutum na iya kwana a Samaru ya yi harkarsa a Tudun Wada bai ji komai ba. Legas ba haka take ba. Gari ne da ruwa ya raba, akwai ɓangaren tudu, akwai tsibiri, kuma gadoji uku ne suka haɗa su: Carter, Eko, da Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 wadda aka buɗe a 1990. Da safe kowa tsibiri ya nufa, da yamma kowa fitowa yake yi. In ka sauka a inda za ka riƙa bin wannan tururuwa safe da yamma, abin da ka rage a kuɗin ɗaki zai tafi a kuɗin mota, ga awannin da za ka zubar a hanya, ga gajiya.

Mai zuwa Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta, ya nemi ɗaki a Ikeja, Ogba ko Agege. Agege ta fi daɗin zama ga ɗan Arewa, don akwai tsohuwar al'ummar Hausawa da sarkinsu da masallatansu da abincinsu, kuma jirgin ƙasan cikin gari na Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba har Oyingbo. Mai zuwa kasuwar Ladipo ta kayan gyaran mota ya duba Mushin ko Oshodi. Idi-Araba ma tana kusa, kuma nan ma gida ne. Kasuwannin Alaba International da Trade Fair suna kan hanyar Badagry, saboda haka Ojo, Satellite Town ko Festac ne suka dace. Kasuwannin Balogun da Idumota a tsibiri suke. Kwana a tsakiyarsu hayaniya ce da ba ta ƙarewa, ya fi maka ka sauka Yaba, Ebute Metta, Surulere ko Obalende, ka yi sammako.

Maganar tashar jiragen ruwa kuwa sai an ɗan tsaya. Kafin ka ɗaga ƙafa daga Zariya ka tambayi ejan ɗinka takamaiman tashar da kayanka suka sauka. Apapa da Tin Can Island maƙwabtan juna ne, amma sabuwar tashar Lekki da aka buɗe a 2023 tana can gabas da nisa, wanda ya kwana a Apapa yana da harka a Lekki ya haɗa kansa da wahala. In Apapa ce ko Tin Can, zaɓi biyu ke gabanka. Ko ka kwana a cikin Apapa, ka haƙura da ƙarar tireloli da tankokin mai da warin gas, amma da safe kana kusa da ofishin ejan da na kwastan. Ko ka kwana Surulere ko Festac ka riƙa shigowa. Tun da aka fito da tsarin Eto na kiran manyan motoci bi da bi a 2021 cunkoson ya ragu a kan yadda yake a da, amma bai mutu ba. Rana ɗaya hanyar Mile 2 zuwa Tin Can za ta buɗe, washegari ta toshe. Ni a ganina, in aikin na kwana biyu ne ko uku, cikin Apapa ya fi. Akwai kuma jiragen fito da ke tsallakawa tsakanin Marina da Apapa. In za ka shiga, ka sa rigar kariya, kada ka ji kunyar neman ta.

Wani abu da ke rikita baƙi: Berger biyu ne. Akwai na Ojodu, a bakin gari in ka fito daga Ibadan, akwai kuma wanda ake sayar da motoci kusa da Mile 2 a kan titin Apapa zuwa Oshodi. In an ce maka otal yana Berger, tambayi wanne.

Abin da za ka gama tun kana gida

Matambayi ba ya ɓata. Tambayi abokan sana'arka da suka je kwanan nan, ba wanda ya je shekara biyar da ta wuce ba, domin ƙaramin otal yana lalacewa da wuri in mai shi ya daina zuba masa kuɗi. Direbobin dogon zango da ke lodi a Kwangila ma sun san gidajen baƙi da yawa, sai dai ka tuna direba wurin ajiye mota da ɗan runtsawa yake nema, ba lallai abin da ya ishe shi ya ishe ka ba. Ka samo sunaye biyu ko uku a unguwa ɗaya, yadda in na farko bai yi ba za ka taka zuwa na biyu.

Daga nan ka buɗe Google Maps ka duba kowannensu. Hotunan da otal ya ɗora da kansa ba su da amfani, yawanci na ranar buɗewa ne. Nemi waɗanda baƙi suka ɗauka, ka karanta sharhin baya-bayan nan, musamman na masu ƙorafi. In mutum uku da ba su san juna ba sun ce babu ruwa, to babu ruwa. Sai ka buga waya ka yi waɗannan tambayoyi: nawa ne ɗaki mai fanka, nawa ne mai esi, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa ake kunna janareta, kuɗin da aka faɗa har da haraji ko banda, kuma in ka iso da asuba za a ba ka ɗaki ko sai rana ta yi. Kada ka tura kuɗin kama ɗaki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mutum don kawai ka ga lambar a intanet. 'Yan damfara na ɗora lambarsu a kan sunan otal na gaskiya. A ƙananan otal, in ba lokacin Kirsimeti ba, da wuya ka rasa ɗaki, don haka biya sai ka gani da idonka.

Kayan da za ka zuba a jaka ba su da yawa, amma kowanne da ranarsa: zanen gado naka da mayafi mara nauyi, tawul, silifas na wanka, sabulu, ƙaramar buta, sallaya, tocila, fawa banki cike da caji, doguwar wayar soket, ƙaramin kwaɗo, man shafawa na korar sauro ko gidan sauro, laima ko rigar ruwa, da 'yan ƙullin gishiri da sukari na kemis saboda gudawa. Ka bar shadda mai nauyi da babbar riga a gida sai in biki za ka. Yadi mara kauri shi ne abokin tafiya. Katin shaida kuma dole ne, na ɗan ƙasa ko lasin tuƙi ko katin zaɓe, don za a nema kafin a rubuta sunanka.

Isowa

Tsakanin Zariya da Legas ya haura kilomita 800, ko ka bi ta Mokwa da Jebba da Ilorin, ko ta Abuja da Lokoja. Yadda duk ka yi, ka tsara tafiyar ta kai ka da sauran hasken rana. Wanda ya iso ƙarfe goma sha ɗayan dare da jaka a kafaɗa ba ya zaɓen ɗaki, abin da aka ba shi yake karɓa, a kuɗin da aka yanka masa. In motarku ta sauke ku da duhun asuba, zauna cikin tasha ko masallacin kusa har gari ya waye sosai.

Daga tasha zuwa otal, a wannan zuwan na farko da kaya a hannu, kira mota ta Bolt ko Uber ko inDrive, ka duba lambar motar ta yi daidai da ta cikin waya kafin ka shiga. Danfo, wato ƙananan bas na haya, da bas ɗin BRT sai ka ajiye kaya ka san gari. Shi BRT da katin Cowry ake biyansa, ana sayarwa a tashoshinsa. Kada ka shiga motar da ta tsaya maka a gefen titi da mutum biyu ko uku a ciki ana kiran saura mutum ɗaya, da wannan dabara ake yi wa mutane fashi a cikin mota. Acaɓa kuma tun 2022 gwamnatin jihar ta hana shi a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Apapa, Ikeja, Surulere da tsibiri, kuma dokar ta haɗa da fasinja. Za ka ga 'yan'uwanmu suna yi duk da haka. Ganin suna yi ba zai cece ka ba ranar kame.

Ka karanta unguwar kafin ka shiga

In ka sauka a ƙofar otal, kada ka faɗa ciki kai tsaye. Tsaya ka dubi katangu. In ka ga layin datti ya zagaye bango a tsayin gwiwa, ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, ko shagunan layin duk sun yi tudun siminti a bakinsu, ruwa na shiga unguwar. Daminar Legas tana farawa tun wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba, kuma gari ne da yake kusan daidai da teku, ruwa ba ya samun wurin gudu. Dubi kwatar da ke gaban gidan: in ta cika ta tsaya cak, ka san da sauro za ka kwana.

Sannan ka saurara, ka kuma duba maƙwabta. Mashaya mai manyan lasifika a harabar otal, ko gidan rawa a gefe, ko cocin da ke kwanan addu'a daren Juma'a, duk da rana shiru suke. Ka lura da masu shiga da fita. In ka ga ana shiga bibbiyu ba jaka, ana fitowa bayan awa ɗaya, ko ka ga an rubuta farashin awa a jikin allo, ka gane irin gidan. Ba wa'azi zan yi ba, kowa ya san abin da ya dace da shi. Amma ko ta fuskar tsaro kaɗai, gidan da baƙin fuska ke shiga da fita dare da rana, kuma jami'an tsaro ke iya kai masa samame, ba wurin ɗan kasuwa mai ɗauke da kuɗi ba ne.

Babbar dabarar ita ce mai gadi. A Legas sau da yawa za ka tarar mai gadin layin, ko mai shayin bakin titi, ko mai gyaran takalmi, namu ne, daga Arewa ko daga Nijar. Yi masa sallama yadda ta kamata.

"Salamu alaikum. Baba, sannu da aiki. Ɗanka ne daga Zariya, yanzu na sauka. Don Allah gidan nan ana kwana lafiya?"

In ya ce, "Lafiya lau, ɗana, shiga abinka," to madalla. In kuwa ya ɗan yi jim ya ce, "To, Alhaji, akwai dai wani a layin baya, ko za ka fara duba shi," kada ka tsaya neman ƙarin bayani. Ya gama gaya maka. Shi ne kuma zai nuna maka masallaci da inda ake tuwo. Ka sayi shayinsa, ka riƙa gaishe shi safe da yamma.

Duba ɗaki kafin kuɗi ya bar hannunka

Gani ya kori ji. Ka ce a nuna maka ainihin ɗakin da za a ba ka, ba wani mai kama da shi ba. In an ƙi, juya. Nan ne ya kamata ka ɓata minti goma, kuma kada kunyar yaron da ya rako ka da makulli ta sa ka yi sauri.

Da an buɗe ƙofa, hancinka ne zai fara aiki. Warin funfuna, ko turaren feshi mai yawa da aka yi don a danne wani wari, alama ce ta ɗakin da iska ba ta ratsa shi. Dubi silin da kusurwoyin bango ko akwai baƙin tabo na yoyo. In da hali ka zaɓi hawa na ɗaya ko na biyu: ƙasa ya fi danshi da sauro da kyankyasai, can ƙololuwa kuma zafin rufi ne, ruwan famfo ma ba ya kaiwa da ƙarfi.

Je ka gado. Yaye zanen, ɗaga katifa, haska tocila a bakin ɗinkinta da tsagogin katakon gado, musamman ta wajen kai. Ɗige-ɗige baƙaƙe ko ɗan tabon jini a zane na nufin kuɗin cizo. In ka gan su kada ka yarda a ce za a canza maka zane, zane ba shi ne gidansu ba. Ka nemi wani ɗaki da ba ya jingine da wannan, ko ka bar gidan. Illarsu ba ta tsaya ga kwana ɗaya ba, jaka suke shiga su biyo ka har Zariya, uwargida ta yi wata tana fama. Shi ya sa ko ɗakin ya yi tsaf, jakarka a kan tebur take kwana, ba a kan gado ko a ƙasa ba.

Shiga banɗaki ka murɗa famfo, ka bar shi ya zuba na ɗan lokaci. Dubi launin ruwan, ka sansana. A unguwannin da ke kusa da teku ruwan burtsatse yakan zo da ɗan gishiri-gishiri, wani wuri kuma ja-ja saboda sinadarin ƙarfe. Wannan zai yi wanka da alwala, amma ba na sha ba ne. Ja ruwan masai ka ga ko yana tafiya. Tabbatar akwai bokiti, kuma da an ba ka ɗakin ka cika shi, domin famfon otal da injin turo ruwa yake aiki, in babu wuta babu ruwa.

Wuta ita ce zuciyar maganar. Kunna fanka da esi da kowane ƙwai, ka gwada soket da cajarka. Tun Afrilun 2024 aka ware layukan da ake kira Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 na wuta a rana a farashi mai tsada. Otal ɗin da ke kan irin wannan layi zai gaya maka da alfahari, amma duk da haka ka tambayi lokutan janareta. Tambayar da aka fi mantawa ita ce ko janaretan yana ɗaukar esi. A gidaje da yawa ba ya ɗauka, sai fanka da fitila. Ka ga kenan wanda ya biya kuɗin ɗaki mai esi ya biya abin da zai samu ne kawai in an kawo wutar nefa. In haka ne, ɗaki mai fanka da tagogi biyu masu raga ya fi masa. Leƙa ta taga ka ga inda injin yake. In yana ƙarƙashin tagarka, bar ɗakin nan, ba don ƙara kaɗai ba: hayaƙin janareta yana kashe mutane cikin barci, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

Saura ƙofa. Rufe ta daga ciki ka gwada makulli da sakata. Ɗakin da ba shi da sakata ta ciki, duk mai makulli na biyu zai iya shigo maka. Dubi ragar taga ko ta yage. Tagogin Legas kusan duk da ƙarafuna a jikinsu, saboda haka in gobara ta tashi ba ta nan za ka fita ba; taka ka ga matakalar bene, ka ga ko akwai ta biyu, ka kuma tambaya ko ana garƙame ƙofar waje da dare da kuma wanda ke riƙe makullin. A ƙarshe dubi wayarka ko akwai sabis a cikin ɗakin.

Ciniki da biya

Farashin da ke jikin allo ba aya ba ce. In za ka yi kwana uku ko fiye, nemi manaja ka nemi ragi, an saba. Sai dai kada ragin ya ja ka ka biya mako guda a dunƙule. Biya kwana ɗaya tukuna, ka ga yadda dare zai kasance, da safe ka yi maganar sauran. Kuɗin da ya shiga aljihun otal da wuya ya dawo. Mai jiran fiton kaya ya fi kowa buƙatar wannan: ejan zai ce maka jibi kaya za su fito, jibin ta zama mako, ko kuma su fito da wuri ka bar kuɗinka a baya.

Game da haraji, akwai VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, jihar Legas kuma tana da nata harajin otal da gidajen abinci na kashi 5 cikin ɗari. A ce ɗaki naira 20,000 ne, in aka ɗora duka biyun ya zama 22,500. Wasu sun riga sun haɗa a cikin farashi, wasu sai ka zo biya su fito da shi. Ka ji tun farko. Ko taransifa ka yi ko kati ka sa, ka ga sunan otal ɗin ne ya fito, ka karɓi rasit mai kwanan wata da lambar ɗaki. In an karɓi kuɗin ajiya na makulli, a rubuta shi a jiki. Katin shaidarka a duba a ba ka abinka, ba a kwana da shi a teburin karɓar baƙi.

Zaman kansa

Zafin Zariya na bazara busasshe ne, in ka samu inuwa ka tsira. Na Legas jiƙaƙƙe ne, kamar an kifa ka a madambaci ana turara dambu: gumi na fita amma ba ya bushewa. Ka yawaita wanka da shan ruwa, in ba haka ba ƙurajen zafi za su feso maka. Wankin da a gida yake bushewa kafin la'asar, a can sai ya kwana biyu yana ɗoyi, don haka wanke ƙananan kaya kawai ka shanya a ƙarƙashin fanka. Takardun kaya da rasitai ka sa su a leda.

Ruwan sha na gora ko na leda mai lambar NAFDAC, shi za ka yi har da wanke baki. An yi fama da ɓarkewar kwalara a Legas a tsakiyar 2024, kuma damina ce lokacinta. Ci abinci da zafinsa, a inda ka ga ana layi. Musulmi suna da yawa ƙwarai a cikin Yarabawa, samun halal ba wuya ba ne, amma in ka yi shakkar nama tambaya, ko ka tsaya ga kifi da wake. Burodin Agege da wake mai yaji karin kumallo ne mai riƙe ciki da araha. In cikinka bai saba da manja da barkononsu ba, bi a hankali ranar farko. Abincin cikin otal kusan kullum ya ninka na waje tsada, kuma ba ya fin sa daɗi.

Sauron can ba ya hutun hunturu. Rufe taga tun kafin magariba. In za a yi feshi, a yi lokacin da za ka fita cin abincin dare, ka dawo ka buɗe ƙofa iska ta shiga kafin ka kwanta. Kada ka bari a yayyafa maka fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona a rufaffen ɗaki. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya bayyana, saboda haka in ka dawo gida jiki ya yi zafi, je a gwada jininka.

Alƙibla daga Legas gabas ce maso arewa, ta ɗan fi ta Zariya karkata zuwa arewa. Manhajar waya za ta nuna maka, ko ka dubi masallacin unguwa. Da yake Legas tana yamma da mu, azahar ɗinsu tana bayan tamu da kusan kwata na awa, kada ka yi aiki da jadawalin gida. A mazhabar Malikiyya matafiyi yana ƙasaru matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba. In ya yi niyyar haka sai ya cika.

Kuɗi kuwa, mafi alheri su zauna a banki, ka riƙa biyan 'yan kasuwa ta taransifa. Abin da ya zama dole ka riƙe, raba shi gida biyu, kada ka ƙirga a gaban kowa, kada ka bar shi a ɗaki in za ka fita. Kada ka yi cinikin miliyoyi a waya da babbar murya a barandar otal. Hausa ba sirri ba ce a Legas, masu jin ta sun fi yadda kake zato. Dillali ko ejan ko sabon abokin da kuka haɗu a kasuwa, ku gana a wurin karɓar baƙi, ba a ɗakinka ba. In an ƙwanƙwasa da dare an ce ma'aikaci ne, kira teburin karɓar baƙi ka tabbatar kafin ka zare sakata. Tura wa wani a gida sunan otal da unguwa da lambar ɗaki. Lambobin neman agajin gaggawa a Legas su ne 112 da 767.

Hajiya mai zuwa sarin kaya, duk abin da aka faɗa ya shafe ki, da ƙari kaɗan. In kun haɗu ku biyu ko uku ku kama ɗaki ɗaya mai gado biyu, ya fi araha, ya fi kwanciyar hankali, amma ku faɗi adadinku tun wurin biya don kada a zo da rigima daga baya. Zaɓi ɗakin da ke kusa da matakala da haske, ba na ƙarshen lungu ba, kuma in mai karɓar baƙi ya ɗaga murya ya faɗi lambar ɗakinki a gaban mutane, ba laifi ki ce a canza miki. Gwal ya zauna a gida.

Tashi

Kada ka mai da ɗakin otal sito. Kayan da ka saro, kai su kai tsaye wurin masu lodin Arewa, a rubuta maka takardar kaya da lambar mota da ta direba, ka ɗauki hotonta. Tara katan-katan a ɗaki yana jawo ido, wasu otal ɗin ma sai sun caje ka a kai.

Yawancin otal ƙarfe goma sha biyun rana ne lokacin fita, in ka wuce a lissafa maka rabin kwana ko cikakke. In motarka ta yamma ce, sallami ɗakin da safe, ka bar jaka a wurin karɓar baƙi da kwaɗo a jikinta, ka karɓi 'yar takarda. Kafin ka miƙa makulli kira ma'aikaci ya duba ɗakin a gabanka, don kada a ce tawul ya ɓace ko rimot ya fashe bayan ka juya baya. Duba soket, nan caja ke kwana. Duba ƙarƙashin filo da bayan ƙofar banɗaki. Karɓi kuɗin ajiyarka. Yi wa mai gadi sallama da ɗan abin goro, ka karɓi lambarsa, domin shi zai gaya maka ko gidan na nan yadda ka bar shi in za ka sake zuwa.

Ranar tafiya ma a duba ta. Hanyar Legas zuwa Ibadan ita ce mafitarka ko ta wace hanya za ka koma, kuma akwai manyan sansanonin ibada a gefenta. Cocin Redeemed na taron dare a Juma'ar farko ta kowane wata, da manyan taruka a Agusta da Disamba, kuma a irin waɗannan ranaku hanyar takan cushe tun daga Berger na Ojodu. In tafiyarka ta faɗo a ranar, fita da sassafe ko ka ƙara kwana ɗaya.